Ranar da Kaka Ta Kai wa Banki Goro

A gidanmu na Matamaye ni ne idon Kaka. Ba ni na nemi muƙamin ba. Yanar ido ce ta bi ta rufe mata idanu a hankali, har ta kai ba ta ganin komai sai haske da duhu. Da aka duba gidan kaf aka ga ni kaɗai ne bakina ba ya rufuwa, sai aka ce to, ga aikin da ya dace da kai. In za ta gidan suna ko gaisuwar rasuwa, sai ta dafa kafaɗata, ina tafe ina gaya mata abin da ke gabanmu.

Damuwar ita ce abin da ke gabanmu a Matamaye ba ya sakewa. Jaki ne, amalanken rake ne, sai mai faci da ke barci a gindin itacen bedi. Mutum ya gaji da faɗin abu ɗaya kullum. Shi ya sa nake ɗan ƙara gishiri. In akuya ta gitta sai in ce, "Kaka, tsaya, ga wata akuya ta fi saniyar liman girma." Ita kuma ta ce, "Maigida, Allah ya shirye ka," ta ja kunnena, mu wuce. Maigida take ce mini, ni ina ce mata amarya, ko da yake haƙoran da suka rage mata ba su isa cin gasasshiyar masara ba.

Da aka yi hutun lakwal, aka rufe makarantu, Kawu, ƙanen mahaifiyata da ke sayar da kayan babur a Yamai, ya bugo waya ya ce a kawo masa Inna a duba idonta. An gaya wa Kaka maganin ɗigawa kawai za a ba ta. Ta ɗaure mazarƙwaila da ƙuli-ƙuli na tsaraba, ta ce ba inda za ta sai da mijinta. Haka na samu kujera a kar, babbar motar fasinja, ba da sisina ba. Tafiyar kuwa, na rantse mun shiga ina yaro, muka sauka ina jin gemu na shirin fito mini.

Washegari Kawu ya kai mu wurin likitan ido. Mutumin ya haska mata wata ƴar fitila, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce abin mai sauƙi ne, za a kankare yanar a sa mata wani ɗan gilashi a ciki, ido ɗaya tukuna. Kaka ta tambaya, "Da me za a kankare?" Ya fara kewaye-kewaye. Ta ce, "Yaro, da wuƙa ko ba da wuƙa ba?" Ya ce ai ƴar ƙarama ce ƙwarai. Kaka ta miƙe, ta laluba kafaɗata, ta ce mu tafi.

Tana da dalilinta. Wata ƙawarta a Dungu ta taɓa ba wani mai yawo da jaka idonta ya soka mata tsinke, tun ranar ko hasken rana ba ta sake gani ba. Kawu ya yi bayani har muryarsa ta dushe, cewa wancan daban, wannan daban. Ya kira mahaifiyata a waya ta yi kuka. Kaka ta ce ɗan hasken da Allah ya bar mata ya ishe ta sanin lokacin salla, kuma jibi a sa ta a mota. Da Kawu ya fita na ga yana share ido da hannun riga. Ni ma abin ya dame ni, don na san yadda take laluben bakin kwano kafin ta kai hannu, da yadda take yin kamar ta gane mutum alhali muryarsa take jira.

Da magariba ta yi muka fito ƙofar gida shan iska, na shimfiɗa mata tabarma. A nan ne na ɗaga kai na gan shi.

Da rana na lura da ginin, amma ban ba shi muhimmanci ba. Wani dogon bene ne can tsakiyar gari, miƙaƙƙe kamar an tsayar da sandar sabulu, ba zanko, ba zanen ƙofa irin na gidajen Damagaram, gilashi ne kawai da wasu dogayen ginshiƙan siminti tun daga ƙasa har sama. Kawu ya ce banki ne. Amma da duhu ya fara sauka sai ginin ya farka. Wani shuɗin haske ya taso daga gindinsa, ya bi tsakanin ginshiƙan nan yana hawa kamar ruwa ya manta hanyarsa. Kafin ya kai ƙoli kore ya biyo shi. Sai duka suka watse, ginin ya zama ruwan goro gaba ɗaya, sannan fari ya riƙa zubowa daga sama ɗigo-ɗigo. Na yi tsalle na taka kofin shayin maƙwabci. A garinmu in kuran, wato wutar lantarki, ya zo aka kunna ƙwai ɗaya a ƙofar shago, yara har rawa suke yi. Nan ga mutane sun samu wuta har sun rasa abin yi da ita, sun shafa wa bango.

"Kai, mene ne wancan?" in ji Kaka.

Na juya. Fuskarta na kallon ginin daidai. Tun da muka shigo Yamai ba abin da ta gani, sai wannan.

"Kin gan shi, amarya?"

"Ina ganin wani abu na motsi, ja-ja, kore-kore. Gobara ce?"

Da na ce mata banki ne, da magana ta ƙare a nan. Amma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wace gobara? Gidan biki ne. Wani Alhaji ne ke aurar da ƴaƴansa, kowane hawa amarya guda."

"Kai, ja'iri!"

"Wallahi gidan ya yi tsawon da in mai gidan yana sama aka kira azahar, kafin ya sauko an yi la'asar. Tuwon bikin ma da injin haƙa rijiya ake tuƙa shi."

Ta yi dariya har da tari, ta ce tuwon dai ƙarya ne. Amma bikin ta yarda da shi, don a wurinmu ba mai jera fitilu masu launi a bangon gida sai in ana aure ko wani ya dawo daga Makka. Ta daɗe tana kallon wurin. Ta tambaye ni ko unguwarsu ɗaya da Kawu, na ce ai maƙwabta ne na ƙut da ƙut. Na kwanta ina jin daɗin na sa ta dariya a ranar da ba wanda ya yi dariya a gidan.

Kashegari da la'asar, Kawu na shago, matarsa ta tafi kasuwa, sai na tarar da Kaka ta yi wanka ta ɗaura atamfarta ta zuwa suna, ta yafa farin mayafi, ta shafa turare har ƙudajen tsakar gida suka yi hijira. A cinyarta ga goro a ƙunshe cikin ganye, ga sauran mazarƙwaila.

"Amarya, ina zuwa haka? Ko wani kika samu a Yamai?"

"Tashi ka kai ni gidan bikin nan."

Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Maƙwabcin ɗana na aurar da ƴaƴa, ina garin, in kama hanya gobe ban je na ce Allah sanya alheri ba? A ce uwar wane ta zo ta tafi ba ta san mutane ba? Kai ba ka da kunya, ni ina da ita."

Na ce wurin da nisa. Ta ce jiya na ce maƙwabta ne. Na ce sai da katin gayyata. Ta ce tun da aka haife ta ba a taɓa tambayarta takarda a ƙofar biki ba. Na ce ƙafata na ciwo. Ta ce to ita za ta fita ta bi hasken, in mota ta kaɗe ta in san abin da zan gaya wa uwata. Ta kuwa miƙe ta nufi bango maimakon ƙofa. Dole na ba ta kafaɗa.

A cikin taksi na yi ta addu'ar Allah ya sa a ɗauke kuran a duk faɗin Yamai. Ba a ɗauke ba. Muna sauka ana kiran magariba, muka yi salla a wani ɗan masallaci na gefen titi, muna fitowa ginin ya kama. Daga kusa abin ya wuce hankali. Sai da na riƙe hulata kafin in ga ƙarshensa. Hasken na zuba a kan motoci, a kan masu sayar da lemo, a kan farin mayafin Kaka, ya mai da ita shuɗiya, ya mai da ita koriya. Na manta da tashin hankalin da nake ciki na ce, "Kaka, kin zama hawainiya!"

"Ban ji kiɗa ba," in ji ta.

"Sun tafi salla."

"Ban ji ƙanshin miya ba."

"A sama ake girkin, ƙanshin bai iso ba tukuna."

A bakin ƙofar gilashi akwai mai gadi, wani dogon Bazabarme da kaki da hula, yana zaune a kujerar roba yana jin rediyo. Kaka ta saki kafaɗata, ta gyara mayafi, ta rangaɗa sallama irin wadda ake jin ta gida uku. Mutumin ya miƙe ya amsa da ladabi.

"Sannunku da hidima," in ji Kaka. "Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Ina uwar amaren? A ce mata baƙuwa ce daga Matamaye."

Ta miƙa masa goro. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, don ba a barin hannun tsohuwa a miƙe. Ya dubi goron, ya dube ni. Ni kuwa ina bayanta ina haɗa tafin hannu, ina ƙifta ido, ina yi masa duk wata alama da ɗan Adam ya taɓa ƙirƙirowa. Bai gane ko ɗaya ba.

"Inna, waɗanne amare?"

"Na gidan nan mana."

"Inna, nan banki ne. Kowa ya tashi, sai gobe."

Kaka ta juyo wajena. Hasken ya bi ta kanta ya wuce, ja, sannan fari. Hannunta ya fara lalube a iska, na san kunnena yake nema, na matsa baya kaɗan.

"Banki," ta ce. "Inda ake ajiyar kuɗi."

"Shi, Inna."

"To wa ya haihu?"

"Ba kowa."

"Wa ya dawo daga Makka?"

"Ba kowa, Inna. Haka ake kunna ta kullum in rana ta faɗi. Ado ne kawai, don masu ido su kalla."

Yana faɗa ya lura da idanunta, ya kama bakinsa. Ya yi ta ba da haƙuri, ya jawo kujerarsa ya zaunar da ita, ya kawo mata ruwa. Kaka ba ta sha ba. Ta zauna da mazarƙwaila a cinya, cikin atamfarta ta zuwa suna, a ƙofar banki. Ban taɓa ganin ta yi ƙanƙanta haka ba, kuma ban ji daɗin kaina ba ko kaɗan.

Can ta ce, "Kai mai gadi, kai ba ka yi kama da maƙaryaci ba. Gaya mini abin da wutar nan take yi."

Ya ɗaga kai ya duba. "Yanzu dai kamar ruwan kogi ne, yana gangarowa."

"Ina ruwa a nan?" na ce. "Hawa yake yi! Kaka, wasu macizai ne kore suke tsere zuwa sama, na tsakiya ya fi su gudu."

"Yaro, shekara nawa ina gadin nan? Kogin Kwara aka kwatanta."

"Kogin da ke hawa bango?"

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Kawu ne, ya dawo gida bai ga uwarsa ba. Kafin in gama kwatance sai ga shi a kan babur, ko takalmi bai sa daidai ba. Ya fara faɗa tun bai kashe injin ba. Kaka ta ɗaga masa hannu.

"Bar faɗan, za ka yi shi a gida. Dubi bangon can ka gaya mini abin da ka gani."

Kawu ya duba a fusace. "Inna, fitilu ne kawai. Launin tutar ƙasa ne suke yi."

"Yanzu kam shuɗi ne," in ji mai gadi. "Tutarmu ba shuɗi."

"To ɗazu ai ruwan goro ne da kore."

"Macizai ne," na ce a hankali.

"Kai, rufe mini baki!" in ji Kawu.

Sai ga mu mu uku mun ɗaga kai sama muna nuna bango da yatsa, kowa na rantsuwa. Wani mai sayar da katin waya ya matso ya ce shi a ganinsa ruwan sama ne. Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Ya isa! Maza huɗu, kowa da idonsa biyu lafiyayyu, kun kasa gaya mini abu ɗaya. Ashe haka nake zaune? Wannan ya ce kogi, in ce to. Wannan ɗan nema ya ce biki, in yi wanka in ɗauko goro." Ta juya wajen da take jin numfashin Kawu. "Mai wuƙar nan, yana nan gobe?"

Kawu ya amsa da sauri. "Yana nan, Inna."

"A kai ni. In ya makantar da ni gaba ɗaya, dama me nake gani? In kuma ya buɗe, zan zo in ga abin nan da kaina, in san wanda zan fara duka a cikinku."

Mai gadi ya miƙo mata goronta. Ta ce ya riƙe, ba a komawa da goron biki gida, ta ɗora masa mazarƙwailar a kai. A hanyar komawa Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya dai riƙe ƙeyata da ƙarfi, har yanzu ban sani ba ko shaƙewa ce ko godiya.

Ranar aikin ni na fi Kaka tsoro. Ita ta shiga tana jan carbi tana gaya wa malamar asibiti cewa hannunta sanyi kamar na kwaɗo. Ni na zauna a benci na karanta duk surar da na haddace, har da waɗanda rabi kawai na sani. Kawu ya yi ta zarya har na ji tausayin simintin wurin. Ba a daɗe ba aka fito da ita da auduga a ido ɗaya, tana cewa, "Shi ke nan? Har an gama? Kitso ma ya fi wannan zafi."

Da aka cire audugar washegari, ta ƙifta ido, ta ƙifta, hawaye na zuba. Ta dubi likita, ta dubi Kawu ta daɗe, ta ce ya yi furfura bai gaya mata ba. Sannan ta juyo kaina. Na gyara tsayuwa, na yi murmushin da na fi ji da shi.

"Wannan ne mijin nawa?" ta ce. "Wannan mai kunnuwa kamar faranti? Likita, mai da audugar."

Likitan ya ce ta guji ƙura da haske mai ƙarfi na ɗan lokaci, ya ba ta wani baƙin tabarau da ya rufe mata rabin fuska, ta koma kamar shugabar ƴan fashi. Kullum magariba sai ta tambaya ko yau ne, Kawu ya ce ba yau ba. Ta ƙi ko kallon wajen ginin daga ƙofar gida, ta ce ba ta son ta gan shi a gutsure. Sai da likita ya sake dubawa ya ce ba laifi, sannan muka ɗauki taksi mu uku.

Mun isa da sauran hasken rana. Mai gadi na hango mu ya taso da gudu da kujerarsa yana cewa, "Inna ta dawo! Inna, ya ido?" Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ashe kyakkyawa ne, ta fasa dukansa. Ta ƙi zama. Ta tsaya a gefen titi, ta ɗaga kai tana bin ginin da kallo, hawa bayan hawa, har mayafinta ya zame.

"Ba ko zane a jikinsa," ta ce. "Duk kuɗin nan sun kasa kiran magini ya yi musu ado a ƙofa."

"Jira dai, amarya."

Rana ta faɗi. Shuɗin nan ya taso daga ƙasa.

Kaka ta cire tabarau. Kawu ya ce, "Inna, likita ya ce..." ta ture hannunsa. Kore ya bi shuɗi, suka haɗu a sama suka fashe, ruwan goro ya rufe ginin, farin ya fara sauka ɗigo-ɗigo. Bakinta a buɗe, tana ta cewa, "Kai! Kai! Kai jama'a!" Ta kama hannun wata mata da ba ta sani ba tana nuna mata, matar da ƙila kullum ta nan take wucewa. Ta ambaci kowane launi da sunansa, da ƙarfi, kamar mai kiran jikokinta cin abinci. Da shunayya ta fito sai ta yi guɗa, guɗa sosai irin ta kai amarya, har masu babur suka rage gudu suna waige. Ni kuwa tsalle nake ina ihu tare da ita, mai gadi na tafi, Kawu ya juya baya wai yana duba wayarsa.

"To Inna, raba mana gardama," in ji mai gadi. "Kogi ne ko macizai?"

"Ku duka ba ku iya kallo ba. Saƙa ce. Ga zaren tsaye, ga na kwance yana shiga yana fita. Wanda ya yi wannan, uwarsa masaƙiya ce ko ubansa."

Muka duba. Ni dai har yanzu macizai nake gani.

Ta rufe sabon idon da tafin hannu, ta kalli ginin da tsohon. Ta buɗe. Ta sake rufewa, ta sake buɗewa. Sannan ta jawo rigar Kawu.

"Kira yaron nan mai wuƙa."

"Yanzu, Inna? Wani abu ke miki ciwo?"

"Ba abin da ke mini ciwo. Tambaye shi yaushe zai yi ɗayan."